Yadda Sallau Ya Gyara wa Anasara Bindiga

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin Sallau tela a Birnin Damagaram ya san riga takan kwana ashirin ba a gama ta ba, amma labarin jarumtaka a take ake samunsa, kyauta. Shagonsa zauren gidansa ne, a wani lungun yashi da mota ba ta shiga. A nan keken ɗinkinsa yake, baƙi mai zanen ruwan zinariya da ya koɗe, wanda da shi ake cin tuwo a gidan shekara goma sha ɗaya. A ƙofar zauren ƴan fada suke shimfiɗa tabarma su dafa shayi, su zuga shi ya yi ta zuba.

Wata Litinin da kaka sai ga Sani, ƙanen matarsa Hajjo, ya zo daga ƙauyensu Droum da fuska a murtuke.

"Yaya Sallau, birai sun hana mu sakat," in ji shi. "Mun tuge gyaɗa mun tara, kafin mu juya sun kwashe. Babbansu ma ba ya gudu. Zama yake ya ɓare yana kallona."

Sallau ya tsayar da ƙafa a kan keke.

"Biri? A gonar surukaina? Kai Sani, ka san da jikan wa kake magana? Kakana yana cikin ƴan bindigar Damagaram. In ya yi harbi a Birni, kajin Mirriya kwana uku suke ba su yi ƙwai ba. Koma ka gaya wa mutanen Droum ranar Alhamis ina tafe. Da wutsiyar babban nan Hajjo za ta riƙa korar ƙuda."

Ɗanƙarami maƙeri, wanda taubashinsa ne kuma ba ya raga masa, ya kurɓi shayi ya ce, "Da wace bindigar? Ko da almakashi za ka bi su ka rage musu tsawon wando?"

Aka kwashe da dariya. Sallau ya ce, "Bindiga ai abar saye ce."

Maganar ba ta kwana a lungun ba. Washegari da hantsi sai ga Alhaji Mahamud, mai sayar da tsofaffin kayan ƙasar waje, firji da injin wuta da makamantansu, ya shigo zaure da wani dogon abu naɗe a buhu. Ya kwance. Bindiga ce ta ƙasar Anasara, itacenta ya yi santsi don tsufa, jikin ƙarfen da rubutun da babu wanda ya iya karantawa. A gefenta akwai wani ƙarfe mai kan gora da ake ɗagawa a ja baya a tura gaba, kamar sakatar ƙofa.

"Wurin wani tsohon ma'aikacin gandun daji na same ta, da takardarta," in ji Alhaji. Ya ja sakatar ta yi ƙaras, ya mayar ta yi ƙaras. "Na ji an ce kana nema."

Ƙarar nan ta shiga zuciyar Sallau. Ya karɓa, ya auna nauyinta, ya shinshina bakin, ya ƙwanƙwasa itacen kamar mai zaɓen kankana. Zai saya. A'a, ba zai saya ba, tsohuwa ce. Amma ai tsohon ƙarfe ya fi na yanzu. Amma kuma wa ya san hannu nawa ta bi? Ƴan fada sun taru a ƙofa suna jira, shi kuwa ba abin da ya tsana irin a ga ya ja da baya.

"Ni ba na sayen makami da ka," ya ce. "A ba ni ita gwaji, kwana uku."

"Babu laifi. Amma ka bar mini jingina." Alhaji ya waiga cikin zauren, idonsa ya sauka kan keke. "Kan keken nan. Ranar Juma'a bayan la'asar, in kana so mu yi ciniki. In ba ka so, ka maido mini ita yadda na ba ka, ka karɓi abinka. In ta taɓu, ta zama taka, keke ya zama nawa. Kun ji, ku shaida."

"Mun shaida!" in ji ƴan fada da murya ɗaya.

"Harsashi fa?"

"Harsashi sai ka je biro, ofishin hukuma, ka yi parmi, takardar izini. Ni ba na son jandarma a ƙofata."

Sallau da hannunsa ya kwance kan keken ya miƙa. Ya saɓa bindiga ya nufi cikin gida da tafiyar soja. Ya manta ƙofar tsakar gidan gajera ce. Bakin bindigar ya daki dogarin ƙofa, gindinta ya daki bayansa, ƙasa ta zubo masa cikin wuyan riga.

Hajjo tana tankaɗe. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi abin da ya ɗauko.

"Malam, mene ne wannan?"

"Abin da ya dace da gidan nan tun tuni."

Ta leƙa zaure ta hango teburin keke da rami a tsakiya. Ta ajiye rariya a hankali.

"Ina kan keken?"

"Ya je hutu wurin Alhaji. Juma'a zai dawo."

"Kayan Iya Kellu fa? Sunan jikarta ranar Lahadi ne, turmi biyu ta kawo."

"Hajjo, ana maganar mutuncin danginki kina maganar atamfa. Tsaya ki ga aikin maza."

Ya ɗaga sakatar, ya ja baya. Ta yi ƙaras. Daɗi ya kama shi ya sake, ya sake, yana ƙara ƙarfi, yatsansa na danne wani ɗan ƙarfe da bai lura da shi ba. A ja na biyar sakatar ta fito gaba ɗaya, ta bar shi da bindiga a hannun hagu, ƙarfe a hannun dama.

Hajjo ta dubi hannayensa biyu.

"Ka karya," in ji Hajjo.

"Ban karya ba. Haka ake yi, ana fitar da ita ta sha iska."

Ya murɗa ta nan, ya murɗa ta can, har gindinta ya juya ya ƙame. Ya tura, ta ƙi shiga. Ya shafa mata man gyaɗa. Ta ƙi. Ya kafa bindigar a jikin turmi ya ɗauko dutsen guga ya buga sau uku, na huɗun ya sami babban yatsansa. Ihun da ya yi ya sa Iya Kellu, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, ta leƙo ta kan katanga.

"Lafiya? Wa aka harba?"

"Babu kowa, Iya. Atisaye nake."

"To in ka gama atisayen ka tuna da zannuwana. Ni kakanka na san shi. Jakar albarushi yake ɗinka wa masu bindigar, in an yi harbi shi ne na farko a ƙarƙashin rumbu."

"Wani kike nufi, Iya."

"Mai kunne irin naka? Shi nake nufi."

Hajjo ta ɗaure masa yatsan da ƙyalle. Ba ta yi dariya ba sai da ta juya baya.

"Malam, ka kai wa Alhaji ya mayar da ita. Shi ya san kanta. Minti ɗaya ne."

"In je in ce wa mai sayar da firji ya koya mini bindiga? Gobe duk Birni ta ji."

Laraba da safe ya naɗe ta cikin tabarma ya bi ta bayan layi zuwa maƙerar Ɗanƙarami. Ya sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Ɗanƙarami ya rantse, sannan ya kira masu shago biyu na kusa su zo su ga abin da ba za a faɗa ba.

Ya juya sakatar a hannu. "Ni fa fartanya da ƙofa na sani."

"Ƙarfe ai ƙarfe ne. Dubi ƙulle-ƙullen nan biyu a bakinta, su suka hana ta shiga. Goge su."

"Sallau, wanda ya ƙera abin nan bai sa su don ado ba."

"Kai da ko lakwal, makarantar boko, ba ka gama ba za ka gaya mini abin da Anasara yake nufi? Goge."

Ɗanƙarami ya ɗauki zarto ya goge su tas. Aka tura sakata ta shige sumul. Sallau ya dubi jama'a yana murmushi, ya ɗaga bakin bindigar sama kamar mai gaisuwar sarki. Sakatar ta sulale ta baya ta faɗi kan ƙafarsa.

"Yanzu kam ta iya shiga, ta iya fita," in ji Ɗanƙarami. "Ba ta ma jiran a roƙe ta."

Sallau ya tsaya a ƙafa ɗaya yana tunani. Can fuskarsa ta washe.

"Na gano! Kuskuren daga can ne. Ku gaya mini, bindigar iyayenmu tana da ƙofa a baya?"

"Ba ta da."

"Ta ina ake ɗura ta?"

"Ta baki."

"To! Mutum ma ta baki yake ci. Anasara ya yi ƙarfe mai kyau, ya zo ƙarshe ya gaji ya bar ta a buɗe, shi ya sa ta zama sai da harsashi, sai da parmi, sai da biro. Liƙe ta da walda. Na huta da takarda."

"Keken fa?" in ji ɗaya daga cikin masu shagon. "An ce ka maido ta yadda take."

"In Alhaji ya ga gyaran nan shi zai biyo ni da godiya."

Ɗanƙarami ya ce, "Ku shaida ba ni na ce ba." Ya sa baƙin gilashi, ya liƙe sakatar da jikin bindigar, ya ƙara wani ƙulli a sama don ƙarko.

Alhamis Sallau ya hau kabu-kabu da tabarmarsa a gicciye, ya isa Droum kafin rana ta take. Sani ya cika alkawari, ya gaya wa kowa. Maza sun bar sussuka, mata sun bar tsinkar gyaɗa, har mai ganga ya zo ba a kira shi ba. Aka raka baƙo gona. Ga tarin gyaɗa a shanye, ga tulin harawa gefe wanda Sani ya tara wa dabbobinsa na rani. Can kan wata gawo birai sun fi ashirin a zaune, babbansu a reshen ƙasa yana sosa ciki.

Wani tsohon maharbi na garin, wanda aka roƙa ya kawo albarushi a ƙaho, ya karɓi bindigar ya duba waldar. Ya daɗe yana dubawa.

"Ɗana, wa ya yi mata wannan?"

"Ni na ba da umarni, Baba."

"Allah ya ƙara basira," in ji tsohon. Ya miƙa masa ƙahon, ya ja da baya taku ashirin, ya zauna bayan wata kuka.

Sallau ya zazzaga albarushi ta bakin bindiga. Ya zaro wani ƙyalle mai ruwan ganye daga aljihu, wanda ya yanko da safe daga bakin atamfar Iya Kellu don shi ne ya fi kusa da hannu, ya cusa ya danna da kara. Mai ganga ya saki kiɗa. Sallau ya yi wa kansa kirari, ya ce shi ne na Hajjo mai hana daji barci, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya rufe ido ɗaya, ya ga bai isa ba ya rufe ɗayan ma, ya ja kunama.

Ko motsi ba ta yi ba.

Ya sake ja. Ya sa yatsa biyu ya ja. Mai ganga ya sassauta. Babban birin ya sauko daga bishiya ya zauna a kan shuri don ya fi gani da kyau.

"Yaya, ko ta yi sanyi ne?" in ji Sani.

"Tana tattara ƙarfi."

"Ka gaya mata biran suna da sauri," wata mata ta ce daga baya.

Sallau ya share gumi. Ya tuna albarushi wuta yake so, wuta kuwa babu ta inda za ta shiga tunda ya liƙe bayan. Saura baki.

"A kawo mini garwashi!"

Daga bayan kuka tsohon maharbin ya ɗaga murya. "Ɗana, kar ka yi haka."

"Baba, zamaninku daban, namu daban."

Aka kawo garwashi a kasko daga wurin wasu masu dafa shayi a bakin gona. Ya zaƙulo ƙyallen da waya, ya kafa gindin bindiga a ƙasa, ya ɗauki garwashi ɗaya da cokali ya jefa ta baki. Shiru. Jama'a suka miƙa wuya. Shi ma ya karkata kai ya leƙa ya ga abin da ya tsayar da ita.

Fuuu!

Ba ƙara ta yi ba, huci ta yi, wani farin hayaƙi da harshen wuta. Rabin gemun Sallau ya tafi, girarsa ta dama ta bi shi. Hularsa ta kama. Ya fizge ta ya yi jifa da ita iya ƙarfinsa, ta sauka daidai saman tulin harawar Sani.

"Wuta! Harawa!"

Gona ta hargitse. Masu ɗebo yashi da hula, masu bugu da ganye, mai ganga ya kife gangarsa yana kwasar ƙasa da ita. Wata mata ta juye tulun ruwan sha a kan Sallau, ta kuma buga masa tulun a kafaɗa don ya matsa. Kowa ya yi wajen wutar, babu wanda ya rage wajen gyaɗa. Biran suka sauko a tsanake, manya da ƴaƴansu a goye, suka cika baki suka cika hannu. Babban ya tsaya kusa da bindigar da ke yashe, ya shinshina ta, ya yi atishawa, ya ɗauki damin gyaɗa ya wuce.

Da aka kashe wutar, rabin harawa ya zama toka. Sani ya tsaya yana haki.

"Yaya Sallau, biran shekara uku suna mana ɓarna, ba su taɓa sa mana wuta ba."

"Ai ka ga sun tafi."

"Sun ƙoshi ne!"

Tsohon maharbin ya zo ya ɗauki ƙahonsa. "In za ka sake zuwa ka aiko da wuri," ya ce, "mu kwashe amfanin gona tukuna."

Labarin ya riga shi isa Birni, domin mutum uku sun ɗauka a wayar salula. Juma'a bayan la'asar lungun ya cika har kan katanga. Sallau ya fito da rawani ya rufe rabin fuska, ya goge bindigar da mai tana ƙyalli, ya ɗaura mata ɗan tuntu na jan fata a wuya. Alhaji Mahamud ya iso, tare da shi Baba Khalid, wani tsohon jandarma da ya roƙa ya zo ya duba masa kayan.

"To Sallau, ka yanke shawara? Saye ko mayarwa?"

"Na duba ta ciki da waje, Alhaji. Ba ta kai yadda nake so ba. Ga abarka, har na yi maka ɗan gyara ban ce ka biya ba."

Baba Khalid ya karɓa. Ya kama sakatar zai ɗaga, ta ƙi. Ya matse bindigar a hammata ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sa tabarau ya duba, ya ga ƙullin walda kamar kashin kaza. Ya leƙa bakin, ya jijjiga, gawayi ya faɗo.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Hannuna ne, amma kansa ne," in ji Ɗanƙarami. "Ina da shaidu biyu."

"Na rufe mata ƙofar baya ne," in ji Sallau. "Anasara ya manta."

Alhaji ya zauna a kan dakali ya riƙe kai. "Shekara nawa abin nan yana yawo a duniya, ya ƙetare teku, ya ƙetare sahara, babu abin da ya same shi. Kwana uku a hannun tela!"

"Mon adjidan, to yanzu sai ya je biro ya yi parmi?" wani ya tambayi tsohon jandarman, yana kiransa da muƙaminsa.

Baba Khalid ya miƙa wa Sallau bindigar da hannu biyu. "Wannan ba ta buƙatar parmi. Ya rataye ta ya bi ta gaban bariki ma, babu mai tsayar da shi. Taɓarya ta fi ta haɗari."

Lungu ya ɗauki dariya. Iya Kellu ta ratso jama'a da atamfarta a buɗe, tana nuna inda aka yanke.

"Wannan gibin fa? Ɓera ne ko jikan ƴan bindiga?"

"Salon wuya ne, Iya, sabon yayi."

"A gindin zane?"

Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Jama'a kun shaida ranar Talata."

"Mun shaida," suka ce, wannan karon ba da ƙarfi ba.

"Bindiga taka ce, Sallau. Allah ya sa albarka. Keke kuwa akwai wani tela a Zermu da ya daɗe yana nema."

Sallau ya tsaya rungume da bindigar. Jama'a suka watse a hankali. Ƴan fada suka naɗe tabarmarsu suka koma ƙofar maƙera.

Ya shiga zaure ya zauna a kujerarsa, gaban teburin mai rami. Ƙafafunsa da kansu suka hau matakin suka fara taka shi, ƙafar keken tana juyawa fayau, ba abin da take ja. Ya daɗe a haka.

Hajjo ta shigo da atamfar Iya Kellu a kafaɗa da gwangwanin allurai. Ta jawo kujera ƴar tsugune ta zauna kusa da shi. Ta kwance masa rawanin, ta duba ƙunar, ta shafa masa man kaɗe da ɗan yatsa a inda girar take a da.

"Hajjo," ya ce da ƙaramar murya, "na kashe mana keke."

"Na gani."

"Ba za ki ce komai ba?"

"Duk Birni ta faɗa maka. Ni me ya rage mini?" Ta lashi bakin zare ta zura a allura, ta miƙa masa, ta zura wata ta riƙe. "Turmi biyu ne, kwana ɗaya da yini. Kai ka kama daga can, ni daga nan."

Ya kama bakin zanen. Suka yi ta soka allura, ba ka jin komai sai jan zare. Da suka kusa haɗuwa a tsakiya ya yi gyaran murya.

"Amma fa da kin ga yadda babban nan ya firgita da ya shinshina ta."

"Malam," in ji Hajjo ba ta ɗago ba, "ka haɗa da rigarka kana ɗinkewa."